A Bar Wa Tsohuwar Jita Tabonta

A watan Janairun 1995, a baje kolin kayan kiɗa na NAMM da ake gudanarwa a birnin Anaheim na jihar Kalifoniya, kamfanin Fender ya fito da wasu jitoci sababbi fil waɗanda aka tsofar da su da gangan. An goge fentinsu a wuraren da hannu ya saba gogawa, an sa shi ya tsattsage, an dusashe ƙarafansu har suka yi kamar sun sha gumin shekara arba'in, sannan aka yanka musu farashin da ya zarce na jitar da ta fito daga masana'anta tana sheƙi. Relic aka raɗa wa wannan samfuri, kuma har gobe ana rububinsa. A 2009 kamfanin ya ƙaro da Road Worn daga masana'antarsa ta Meksiko domin masu matsakaicin ƙarfi. A 2021 kuma abokin hamayyarsa, Gibson, ya buɗe sashe na musamman mai suna Murphy Lab, wanda babban aikinsa shi ne ƙera tsufa.

A daidai lokacin da masu hali ke biyan dubban daloli don a yi wa sabon katako tabon ƙarya, akwai mutumin da Allah ya ba na gaskiya a ɓagas, yana kuma neman hanyar rabuwa da shi. Ya gāji tsohuwar jitar bes, wato mai kauraran tsirkiyoyi huɗu da ke riƙe gindin kiɗa, ko kuwa ya tsince ta a shagon masu kayan hannu. Fentinta ya koɗe, bayanta ya sha ƙarfen bel, gefenta ya fito da tsurar katako a inda hannu ke kwanciya. Yana jin nauyin hawa dandamali da ita. Sai ya tsaya tsakanin shawara biyu: ya kai ta a kankare a fesa mata sabon fenti, ko ya jingine ta ya sayi sabuwa.

Shawarar ba ta kai wahalar da ake ɗora mata ba. Muddin fentin na asali ne, a bar shi. A gyara duk abin da ya shafi kiɗa, wanda kuma ransa ya biya da sheƙi ya sayi sabuwa, tun da kasuwa cike take da su. Cikin zaɓin nan biyu, kankarewa ce kaɗai ba a iya warwarewa in an yi da-na-sani. Ita ce kuma ta fi jawo asarar kuɗi, ba tare da ta ƙara wa sauti komai ba.

Fentin da ake jayayya a kansa

Leo Fender, mai gyaran rediyo a garin Fullerton wanda shi kansa bai iya kaɗa jita ba, ya fitar da Precision Bass a ƙarshen 1951. Kafin zuwanta, gindin kiɗa yana hannun ƙaton gogen nan na Turawa da ake kafawa a ƙasa, wanda ya kai tsayin mutum, ba ya shiga mota cikin sauƙi, ganguna da ƙahoni kuma suna binne muryarsa. Fender ya mayar da wannan aiki kan abin da ake ratayawa a kafaɗa a jona da lantarki. A 1960 ya ƙara da Jazz Bass mai siririn wuya. A Janairun 1965 ya sayar da kamfanin ga CBS a kan dala miliyan 13, kuma wannan shekara ita ce iyakar da masu sayen tsofaffin jitoci suka shata: abin da aka ƙera kafinta ya fi kowanne tsada.

Fentin da ake fesa wa jitocin wancan zamani na naitiroseluloz ne, irin wanda kamfanin DuPont ya samar wa masana'antun mota a farkon shekarun 1920 da sunan Duco. Launukan da Fender ke sayarwa da ƙarin kashi 5 cikin 100 a kan farashi, irin su Fiesta Red da Lake Placid Blue, daga kundin launukan motocin Amurka aka ɗebo su, wasu na Duco, wasu na ɗan'uwansa Lucite, sannan a rufe da naitiro marar launi. Halin naitiro shi ne ba ya daina bushewa. Yana ci gaba da tsukewa da ƙara tauri shekara da shekaru, rana da hayaƙi suna mayar da shi rawaya, sauyin zafi da sanyi yana tsattsaga shi kamar busasshen tabki. Shi ya sa farar jitar 1962 ta koma ruwan madara a yau, shuɗiya kuma ta karkata zuwa kore. Wajajen 1968 kamfanin ya koma ga fenti mai kauri na dangin roba, wanda ba ya tsufa ta wannan hanya: ko dai ya zauna yadda yake, ko ya ɓantale.

Abin nufi, tabon tsohuwar jita sakamakon haɗuwar sinadari ne da lokaci da jikin wani mutum. Gwanin Murphy Lab yana iya kwaikwayonsa da reza da sanyin firji, ya kuma kusa. Amma wanda aka kankare ya tafi ke nan.

Fenti ba ya kiɗa

Hujjar da masu kankara suka fi so ita ce sauti. Wasu suna cewa sabon fenti zai farfaɗo da jitar. Wasu kuma suna cewa a cire fentin baki ɗaya domin katako ya yi numfashi. Duka biyun sun manta yadda jitar lantarki take aiki.

A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maɗaukin sauti: maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai ta motsa ƙarfin maganaɗisun, wannan motsi ya haifar da ɗan lantarki a cikin wayar, shi ne amfilifaya take ƙarfafawa har ya fito a lasifika. Abubuwan da suka fi tasiri a wannan tafiya su ne irin tsirkiyar da shekarunta, da maɗaukin sautin da inda aka kafa shi, da lafiyar wuya da ƙarafan giccin da ke kansa, da jakin da tsirkiya ke hawa, sai uwa uba yatsun mai kaɗawa. Gangar jikin Fender katako ne daskararre mai kaurin kusan santimita huɗu da rabi. Fentin da ke kansa bai kai kaurin farce ba. Manfred Zollner, farfesa a birnin Regensburg na Jamus wanda ya yi shekaru yana auna jitocin lantarki da na'urori, ya nuna cewa ko shi katakon gangar jikin tasirinsa kaɗan ne in an gwada da tsirkiya da maɗaukin sauti, balle fatar da ke kansa.

Zancen numfashin katako kuwa tarihin masana'antar ya riga ya rushe shi. Tun wajajen 1963 Fender yake shafa wa katako wani sinadarin toshe ƙofofi mai suna Fullerplast kafin a fesa naitiro. Jitocin da ake yi wa kirari da cewa katakonsu yana numfashi, da yawansu a toshe suke tun ranar da aka ƙera su.

James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a mafi yawan fitattun waƙoƙin kamfanin Motown na birnin Detroit, har da kundin What's Going On na Marvin Gaye a 1971, ya yi aikinsa da Precision ta 1962 wadda ba ya goge allon yatsunta, ba ya kuma sauya tsirkiyarta sai in ta tsinke. An sace ta kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa a 1983, ba a sake ganinta ba. A ɗaya gefen, Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu ya kaɗa bes ɗin da duniya ta ji a kundin Graceland na Paul Simon a 1986 da wata Washburn mai araha. Ɗaya da tsohuwa mai dauɗa, ɗaya da mai sauƙin kuɗi, babu kuma wanda fenti ya taimaka ko ya kayar a cikinsu.

Kwalliyar da ba ta biyan kuɗin sabulu

Dillalan tsofaffin jitoci suna da ƙa'idar da suka daɗe suna aiki da ita: sabon fenti, komai kyansa, yana zaftare kusan rabin darajar jitar da ke da fentinta na asali. Fentin asali da ya ragargaje ya fi sabo mai sheƙi kuɗi. Ba sai mutum ya yarda wannan adalci ne ba kafin ya shafe shi, domin ranar da ya zo sayarwa, ko ranar da magadansa suka zo, da wannan ma'auni za a auna.

A ƙaddara jitar da za ta yi dala 10,000 a yadda take. Mai ita ya kai ta wurin ƙwararre. Za a kwance ta ƙusa-ƙusa, a cire tsohon fenti, a toshe ramuka, a fesa share fage, a fesa launi, a fesa rufi hawa-hawa, a rataye ta makonni kafin naitiro ya yi taurin da za a iya goge shi ya yi sheƙi. Aikin yana cin ɗaruruwan daloli, wani lokaci ya haura dubu. Idan ta dawo, darajarta ta sauko wajajen dala 5,000 ko 6,000. Mutumin ya biya kuɗi daga aljihunsa don a rage masa dukiya, kuma abin da ya biya ɗin kaɗai ya isa ya sayi sabuwar jita mai kyau ya ajiye kusa da tsohuwar. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Akwai kuma asarar da ba ta cikin lissafin kuɗi. Samfefa ba ta san inda fenti ya ƙare katako ya fara ba. Kowace kankara tana cin ɗan katako, tana dasashe kaifin gefuna, tana sauya kwarin da aka sassaƙa don ciki da hannu. Idan ta shiga gurbin da wuya ke zama, wuyan yana iya daina zama daram, kuma wannan, saɓanin fenti, yana taɓa kiɗa.

Fenti takardar haihuwa ce

Tsofaffin jitocin Fender an ƙera su ne gunduwa-gunduwa ana haɗawa da ƙusoshi, don haka sauya wuya ko gangar jiki aikin minti goma ne. Lambar da ke kan farantin wuya ba ta isa hujja ba, tun da shi ma ƙusa huɗu ke riƙe da shi. Masana suna tabbatar da shekarun jita ne ta hanyar tara ƙananan shaidu. Akwai kwanan watan da ma'aikaci ya rubuta da fensir ko ya buga da hatimi a gindin wuya. Akwai ƙananan ramukan ƙusa da aka kafa don a tsayar da gangar jiki ta bushe, waɗanda fenti bai shiga cikinsu ba. Akwai inuwar sandar da aka riƙe jikin da ita lokacin feshi, wadda ta bar tsurar katako a gurbin wuya. Akwai lambobin da ke jikin maɓallan murɗa sauti, inda 137 ke nufin kamfanin CTS, lambobin da ke biye kuma shekara da makon ƙira. Akwai yadda tsohon naitiro yake haskawa a ƙarƙashin fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita. Tambarin kamfanin da ke kan jitar ma, a shekarun farko, a saman fenti ake liƙa shi, saboda haka kankara ɗaya ta ishe shi.

Sabon fenti yana shafe rabin waɗannan shaidu. Daga ranar, jitar ta koma abin da sai an yarda da bakin mai ita. Nan ne kuma maguɗi yake samun ƙofa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Launukan mota na musamman sun fi launin Sunburst na yau da kullum tsada nesa ba kusa ba, saboda haka 'yan damfara suna kankare Sunburst, su fesa ja ko shuɗi, su tsofar da shi, su sayar a matsayin na asali. Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne Fender da kansa yakan fesa launi na musamman a kan jikin da aka riga aka yi wa Sunburst. Wanda ya ga wani launi yana leƙowa ta ƙarƙashin fentin jitarsa, ya ɗauka aikin wani ɗan koyo ne, ya kai aka kankare, yana iya zama ya hallaka aikin masana'anta da hannunsa.

Abin da masu kankara ke cewa

Hujjarsu ta farko manyan makaɗa ne. Paul McCartney ya sayi Höfner ɗinsa a Hamburg a 1961, a 1964 aka sake mata fenti, aka sace ta a 1972, aka sanar da dawowarta hannunsa a Fabrairun 2024, ba wanda kuma ya ce darajarta ta ragu. Rickenbacker ɗinsa ma ya yi mata zane-zane a 1967, daga baya ya kankare ta har katako. Jaco Pastorius ya cire ƙarafan giccin Jazz Bass ɗinsa ta 1962, ya shafe allon yatsun da sinadarin da ake shafa wa jiragen ruwa. Marcus Miller ya sa an dasa wa Jazz Bass ɗinsa ta 1977 na'urar ƙarfafa sauti.

Duk wannan gaskiya ne, amma bai taimaki mai kankara ba. Jitocin nan ba kayan tarihi ba ne lokacin da aka taɓa su: Höfner ɗin McCartney shekararta uku, kuma ana ƙera irinta kullum. Pastorius da Miller kuwa sauti suka je nema, suka kuma samo shi. Darajar waɗannan jitoci a yau daga sunan masu su take, wanda kuma ba McCartney ba ne ba shi da wannan rumfa. Abin da ya fi dacewa a tuna daga wancan zamani shi ne yayin tsurar katako da ya mamaye ƙarshen shekarun 1960 da shekarun 1970, lokacin da matasa da yawa a Amurka da Ingila suka kankare jitocinsu don su yi kama da na taurari. Yayin ya wuce cikin 'yan shekaru. Jitocin suna nan a kasuwa har yau, ana sayar da su da ragi.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: jita kayan aiki ce, kuma kayan mai ita ce. Masu tara tsofaffin jitoci, in ji su, sun mayar da abin kiɗa kadarar ajiya, sun tsauwala farashi har makaɗi na gaske ba ya iya saye, suna kulle jitoci a akwatunan gilashi ba mai jin muryarsu. Me zai sa makaɗi ya yi wa ƙa'idar waɗannan mutane biyayya?

Ƙorafin yana da tushe. Kasuwar da ke ba ɗan tabon fenti darajar da ta fi ta sauti akwai abin dariya a cikinta. Sai dai kankara ba ta hukunta attajirin da ya kulle jita a gilashi. Makaɗin take hukuntawa, ta kuma ƙara wa attajirin riba, domin duk jitar da aka kankare tana rage yawan masu fentin asali, abin da ya rage kuma ya ƙara tsada. Wanda yake son ya nuna jita kayan aiki ce, hanyarsa ita ce ya ɗauke ta da tabonta ya je ya yi aiki da ita. Batun mallaka kuwa ba mai musu: doka ba ta hana kowa kankare kayansa ba. Amma jitar da ta shekara 60 ta riga ta wuce hannun mutum biyu ko uku, za ta kuma wuce na wanda ke riƙe da ita yanzu. Adadin waɗanda aka ƙera kafin 1965 ba zai ƙaru da ko ɗaya ba. Katakon Barazil mai duhu da aka yi allon yatsun da yawansu da shi ma, yarjejeniyar CITES ta saka shi a jerin da aka fi tsananta wa ciniki tun 1992.

Darasi daga masu goge da magina

Wannan muhawara ta girmi jitar lantarki. Kusan duk gogen da Antonio Stradivari ya ƙera a birnin Cremona na Italiya, an sauya masa wuya a ƙarni na 19, an tsawaita shi, an karkatar da shi baya, an ƙarfafa sandar da ke cikin ƙirjinsa, domin ya ɗauki tsirkiya mai ƙarfi ya cika manyan zaurukan kiɗa. Masu gyaran ba su ji tsoron taɓa abin da ya shafi aiki ba. Amma nagartattunsu sun bar man da Stradivari ya shafa wa katakon, ko da ya goge ya bar rabi. Wanda ake kira Lady Blunt, ƙirar 1721, an sayar da shi a 2011 a kan fam miliyan 9.8, kuma babban dalilin wannan farashi shi ne kusancinsa da yadda ya fito daga hannun maƙerinsa.

A fagen gine-gine ma haka. A Ingila ta ƙarni na 19, magina sun yi ta kankare bangayen tsofaffin majami'u da sunan mayar da su sababbi. John Ruskin ya yi tir da wannan a littafinsa The Seven Lamps of Architecture na 1849, a 1877 kuma William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, wadda aka yi wa laƙabi da Anti-Scrape, ma'ana masu adawa da kankara. Ƙa'idar da ta samo asali daga wannan gwagwarmaya ita ce masu adana kayan tarihi ke bi a yau: a yi gyara mafi ƙanƙanta da zai wadatar, a kuma fifita gyaran da na baya zai iya warwarewa.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan jitar bes, hanya a fili take. A daidaita sandar ƙarfen da ke cikin wuya. A goge ƙarafan gicci su yi daidai, in sun cinye a sauya su, domin su kamar tayar mota suke. A wanke maɓallan murɗawa, a gyara wayar da ta tsinke, a sake naɗa maɗaukin sautin da ya mutu. Duk abin da aka cire a zuba a jaka a ajiye a akwatin jitar. Inda fenti ke ɓarewa, ƙwararre yana iya ɗiga ɗan naitiro ya kama bakin wurin don kada ya ci gaba. Wannan duka bai kai kuɗin sabon fenti ba, shi ne kuma yake sa tsohuwar jita ta yi daɗin kaɗawa.

Inda sabon fenti ya halatta

Ba kowace tsohuwar jita ce kayan tarihi ba. Idan wani ya riga ya kankare ta a 1974 ya shafa mata man katako da buroshi, aikin gama ya gama, kuma fenti mai kyau daga hannun gwani zai ƙara mata mutunci, wataƙila har da kuɗi. Idan ruwa ya shige ta, katako ya fara ruɓewa ko ya dare, ceton katakon ya fi fenti muhimmanci. Idan kuma jitar masana'anta ce ta shekarun 1990 mai kaurin fentin roba, wadda aka ƙera irinta dubbai, mai ita ya fesa mata launin da ya ga dama, ba abin da duniya ta rasa. Sharaɗi ɗaya ne: a san wace ce a hannu kafin a taɓa ta, a kuma gaya wa mai saye gaskiya ranar sayarwa. Binciken ba ya wuce kwance ƙusa huɗu da ɗaukar hotuna a nuna wa masani.

Wannan gargaɗi ya fi shafar inda masu gyaran jita suka yi ƙaranci. Kayan kiɗa na hannu suna shigowa Afirka ta Yamma daga Turai da Amurka, suna bi ta kasuwanni irin Alaba ta Legas zuwa majami'u da ɗakunan ɗaukar waƙa a Jos da Kaduna da sauran garuruwa. Mafi yawansu na yau da kullum ne, amma ba a rasa mai tarihi jefi-jefi. A irin waɗannan wurare, wanda ake kai wa aikin feshi shi ne mai fentin mota. Ana iya cewa ai launukan Fender ma na mota ne. Na motocin 1960 ne. Fentin motar yau mai haɗi biyu ne, mai kauri da tauri, mai aikin kuma da ƙarfe ya saba, da injin gurza da abin cike lotsawa. Abin da tsohuwar jita take buƙata a wannan yanki shi ne kariya daga hunturu. Katakon kayan kiɗa ya fi son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin 100, busasshiyar iskar hunturu kuwa tana sauka ƙasa da haka sosai, ta tsuke allon yatsu har bakin ƙarafa ya fito yana yankar hannu. A ajiye jitar a akwatinta tare da ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin roba mai huji, kada kuma a bar ta a mota a rana.

Sabuwa ba abin kunya ba ce

Sauran rabin tambayar ya fi sauƙi, domin ba a taɓa samun zamanin da jita mai araha ta kai ingancin na yau ba. Tun 1982 Fender ya fara ƙera samfurin Squier a Japan don ya tari masu kwaikwayonsa, yanzu kuma ana ƙera su a Indonesiya da Sin. Injunan sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa suna fitar da wuya da gurbinsa daidai wa daida, fiye da yadda hannun ma'aikacin 1962 yake iya maimaitawa kullum. Yamaha da Ibanez da Cort da Sire, wanda ke ƙera bes da sunan Marcus Miller, duk suna sayar da abin da za a hau kowane dandamali da shi a kan 'yan ɗaruruwan daloli. Sabuwar jita ba ta jin tsoron ruwan sama a filin biki, in an sace ta ana samun irinta, launin da ake so kuma akwai shi a kanta tun daga shago.

Saboda haka wanda yake tsaye tsakanin kankara da saye, ya raba buƙatunsa biyu. Idan abin da ke damunsa sauti ne ko taurin kaɗawa, maganinsa yana wurin mai gyaran wuya da wayoyi. Idan kamanni ne, maganinsa yana shago, a kan kuɗin da bai wuce na fentin ba. Idan kuma ya duba tsohuwar ya ga ba zai taɓa sonta da tabonta ba, ya sayar da ita yadda take ga wanda zai so ta, ya karɓi cikakken kuɗinta, ya sayi sababbi biyu ko uku in ya ga dama. Ko wanne ya zaɓa cikin ukun, jitar tana nan yadda take, kuma wanda za ta faɗa hannunsa nan da shekara 30 zai tarar da kwanan watan da ma'aikacin Fullerton ya rubuta da fensir, da wurin da hannun mai ita na farko ya goge.